Daminarmu Daga Teku Take Tasowa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Kwanakin baya aka gayyace ni wata makarantar sakandaren 'yan mata, in yi wa 'yan ajin ƙarshe magana a kan abin da za su karanta a jami'a. Na bi 'yan ajin kimiyya ɗaya bayan ɗaya ina tambayar burin kowacce. Wannan ta ce likita, waccan ma likita, ta kusa da ita ma'aikaciyar jinya, wata injiniya. Da na tambaya ko akwai wadda ta taɓa jin ana karatun kimiyyar teku, sai aji ya yi tsit. Can wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu, ta gyara hijabinta, ta ce, "Malam, mu da ba mu da teku, me za mu yi da karatunsa?" Na ba ta amsa a gurguje don an kusa kaɗa ƙararrawa, amma tambayar ta biyo ni har gida. Yau nake so in amsa mata a tsanake, ku ma ku ji.

'Yata, ruwan da ya jiƙa gonar mahaifinki bara, kafin ya zama hadari a saman garinku, kaso mai yawa nasa a teku yake kwance. Kowane manomi ya san lokacin da iska take juyawa. Duk tsawon hunturu daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, ga ƙura ga kaushi. Idan bazara ta kankama, ƙasa ta ɗauki zafi, sai ta juya ta fara zuwa daga kudu maso yamma da ɗan laima a jikinta, dattawa su ce a gyara garma. Wannan iska daga Tekun Atilantika take tasowa, daga sashen da ake kira mashigin Gini. Ita ce take ɗebo tururin ruwa, ta ratsa dazuzzukan kudu da shi har Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Zafin ƙasa yana janyo ta, sanyin ruwan teku yana turo ta. Idan saman mashigin nan ya yi ɗumi fiye da kima a watannin damina, sau da yawa ruwan sama yakan yi zamansa a bakin gaɓa, a bar Arewa tana kallon sama.

Masu shekaru a cikinmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Shanu sun faɗi a kan hanya, rumbuna sun kwana wayam, Tafkin Chadi ya ja da baya ya bar jiragen masunta a kan busasshiyar ƙasa. A wancan zamani bayanin da ya fi yawo a duniya shi ne mu muka jawo wa kanmu, da yawan kiwo da sare itatuwa. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo hujjar cewa ƙasar da aka tsiraita tana iya korar ruwan sama. To amma a 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa shekarun fari a yankin Sahel suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauyin zafin saman tekunan duniya. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ɗora wa kwamfuta tarihin zafin tekuna, sai ga ta ta fito da yalwar ruwan shekarun 1950 da kuma farin da ya biyo baya. Sare daji yana da nasa laifin, babu mai musu. Amma an yi shekaru ana ɗora wa makiyayi da manomi nauyin da mafi yawansa ba nasu ba ne, kuma masanan da suka nazarci zafin teku ne suka sauke musu shi. Har gobe, idan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, za ta fitar da hasashen damina, ko cibiyar AGRHYMET da ke Yamai za ta tara masana su duba yadda shekara za ta kasance, zafin saman teku yana cikin abubuwan farko da suke dubawa.

Mu ma muna aika wa teku namu saƙon. Ƙurar hunturun da take rufe mana rana, yawancinta daga kwarin Bodele take tashi a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari fari fat na gawarwakin ƙananan halittun ruwa. Iska takan kwashe ta ta watsa a Atilantika, ta zama taki ga ƙananan tsirran ruwa da kifi yake rayuwa a kansu, wata ma har ta kai dajin Amazon. Kifin ƙanƙarar da ake yanka mana a kasuwa kuwa, a duba kwalinsa a ga daga inda ya fito.

To ina ƙofar shiga wannan karatu? A nan ne abin yake ba ni takaici, domin ƙofofin suna nan, wasu a buɗe hanhai, yaranmu ne ba a nuna musu ba. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853. Tun 1975 take da cibiyar binciken teku da ake kira NIOMR a Legas. Jami'ar Legas da ta Kalaba da jami'ar fasaha ta tarayya da ke Akure duk suna koyar da kimiyyar teku. Waɗannan jami'o'i na tarayya ne, yaron da ya fito daga Gumel ko Argungu yana da haƙƙin nemansu ta hanyar JAMB kamar kowa. A 2023 ma an kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku da arzikinsa. Ma'aikata kuwa da mutane ake cika ta, kuma wanda ya yi karatun ne za a ɗauka.

Akwai kuma abin da bai buƙatar a je Legas. Bari in kwatanta muku wata na'ura da ake kira Argo. Kamar doguwar tukunyar iskar gas take, da ɗan tsinken eriya a ka. Akan jefa ta cikin teku daga jirgin ruwa, ta nutse mita 1,000 ta yi ta bin ruwa na kwana tara, sannan ta ƙara nutsewa zuwa mita 2,000, ta taso a hankali tana auna zafin ruwa da gishirinsa a kowane mataki. Da ta leƙo sama sai ta miƙa wa tauraron ɗan'adam abin da ta samo, ta sake komawa ƙasa. Kowane kwana goma haka take yi. Akwai irinta kusan 4,000 a tekunan duniya, kuma abin da suka auna ana zuba shi a intanet kyauta, galibi cikin kwana guda. A mashigin Gini ma akwai na'urori masu anga, wato waɗanda aka kafe wuri guda a cikin ruwa, na shirin PIRATA, wanda Brazil da Faransa da Amurka suke gudanarwa tun 1997, su ma bayanansu kyauta ne. Haka nan shirin Copernicus na Tarayyar Turai yake bayar da taswirorin zafin teku ga duk wanda ya yi rajista.

Ku tsaya ku auna wannan. Ɗalibin kimiyyar lissafi ko ta labarin ƙasa a Zariya, ko Kano, ko Yamai, yana iya saukar da zafin mashigin Gini na shekaru ashirin, ya je ya nemi alƙaluman ruwan saman garinsu, ya jera su gefe da gefe ya ga inda suka dace da inda suka saɓa. Bincike ne na gaske, wanda zai iya zama aikin kammala digiri, kuma bai taka jirgin ruwa ba. Abin da yake buƙata kwamfuta ce, da data, da malamin da zai ce masa ga hanya.

Wanda kuma yake son ya ji ƙanshin ruwan gishiri, akwai makarantar mako guda da ake kira COESSING, wadda Farfesa Brian Arbic na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa na Gana suka fara a Akara a 2015. A 2022 an kawo ta Legas. Ana koyar da yadda ake auna ruwa, da yadda ake sarrafa alƙaluma da manhajar Python, ana kuma fita bakin teku a gwada abin da aka koya. Hukumar UNESCO tana da makarantar intanet mai suna OceanTeacher, da darussa a kan teku. Shirin WASCAL, wanda Jamus take tallafawa kuma Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da suka haɗu a kansa, yana da digiri na biyu a kan sauyin yanayi da kimiyyar teku a birnin Mindelo na ƙasar Kef Bade, kuma ɗalibansa sukan hau jiragen bincike na Jamus su yi darasi a tsakiyar Atilantika. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na kimiyyar teku, kuma horar da matasa daga ƙasashe masu tasowa yana cikin manyan manufofinta. Shekarun nan suna ƙarewa, ba za su jira mu ba.

Ba zan ce muku hanyar shimfiɗe take ba. Data tana da tsada, wuta ba ta zama, takardun neman gurbi da Turanci ko Faransanci ake cike su, fasfo ma sai an sha wuya. Uwa kuma idan ta ji an ce ɗiyarta za ta hau jirgin ruwa ta yi makonni ba ta ga tudu ba, dole gabanta ya faɗi, kuma ban ga laifinta ba. Sai dai a iya abin da na gani, kafin a kai ga waɗannan duka akwai rashin sani, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu. Yarinyar nan mai tambaya ba kuɗin data ne ya tare ta ba. Ba ta taɓa jin wani ya ce mata akwai wannan karatu ba.

Shi ya sa nake ganin aikin farko na malaman sakandare ne, da mu 'yan jarida. Kuma ba sai an jira kayan ɗakin gwaji daga waje ba. A samu murfin bokitin fenti fari, mai faɗin kamar santimita 30, a huda tsakiyarsa, a zura igiya, a ɗaura dutse a ƙasa, a yi wa igiyar ƙulli a kowane rabin mita. A je madatsar ruwa ta Tiga, ko Goronyo, ko Dadin Kowa, tare da masunta da rigunan kariya, a riƙa sassauta igiyar har farin murfin ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. An auna tsabtar ruwa ke nan. Wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, shi ya fara amfani da irin wannan faifai a 1865, kuma har yau masu binciken teku suna aiki da shi. Idan ɗalibai suka maimaita awon a rani da tsakiyar damina da kaka, za su ga da idonsu yadda laka take shiga ruwa, su fara tambayar daga ina take zuwa. Ko a cikin aji, a auna giram 35 na gishiri a zuba a lita guda ta ruwa, a ba kowa ya ɗanɗana a kan harshe. Gishirin teku ke nan. Yaron da ya yamutsa fuska ranar nan ba zai manta darasin ba. Muna kuma da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, kusa da Tafkin Kainji, wadda ya dace a riƙa kai ɗalibai ziyara. Wanda ya iya auna Kainji ya kama hanyar auna Atilantika, ai Kogin Kwara ma can yake kai ruwansa.

Ina roƙon hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu su sa kimiyyar teku da ta yanayi cikin fannonin da suke ɗaukar nauyinsu, ko da gurbi biyu ne a shekara. Jihar da arzikinta ya rataya a kan damina ta cancanci ta mallaki 'ya'yanta da suka san inda daminar take fitowa. 'Yan'uwanmu da suka riga suka yi wannan karatu kuma, don Allah ku dawo da shi gida cikin harshen Hausa. Ku zo gidajen rediyo, ku shiga makarantu, ku ɗauki ɗan bidiyo a waya daga bakin teku ku nuna wa yaran Katsina yadda igiyar ruwa take. Ranar 8 ga watan Yuni ita ce Ranar Tekuna ta Duniya, kuma a nan wajenmu takan zo daidai lokacin da ake shuka ko ake dakon ruwan shuka. Ban san ranar da ta fi ta dacewa a tara yara a gaya musu daga ina hadarin nan ya taso ba.

Ke kuma 'yata ta layin baya, idan kina saurare, ki riƙe lissafi da fizis da kemistiri da kyau, domin su ne jarin wannan karatu. Ki nemi malaminku na labarin ƙasa ya buɗe miki taswira, ki ɗora yatsa a kan garinku, ki ja shi kudu maso yamma har ya faɗa cikin shuɗi. Idan lokacin cike takardar JAMB ya zo, ki karanta jerin darussan har ƙasa kafin ki zaɓa.

A huta lafiya.