Yadda Ake Leƙa Cikin Roba da Tangaran

Ku ɗauki misalin tangaran da ya tsage. A ido, tsaga ce kawai. Amma ta faro ne daga wani ɗan rami da bai kai kaurin gashi ba, kuma shi masu bincike ke nema.

Madubin ƙara girma mai aiki da haske yana da iyaka. Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa idan tazarar abubuwa biyu ta gaza kimanin nanomita 200, sai su haɗe su zama ɗigo ɗaya. Nanomita kuwa, a raba milimita gida miliyan, a ɗauki ɗaya. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi mai harba ilektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, a Jamus, kuma da irin wannan madubi aka tsallake iyakar a 1933.

Sai dai roba da yawancin tangaran ba sa barin lantarki ya ratsa su. Ilektron sai su taru a saman samfurin, hoton ya yi fari fat, ya karkace. Don haka ake yi masa ɗan shafen zinariya ko kabon, siriri ƙwarai. Roba ta fi rigima ma, in aka matsa mata da harbin ilektron, kana kallo za ta lalace.

To, hoto siffa kaɗai yake nunawa. Polietilin da polifirofilin, nau'o'in roba biyu, duk kabon da haidirojin ne, a hoto kamar an tsaga kara. A nan ake haska musu infirared, wani haske da ido ba ya gani. Kowane haɗi tsakanin ƙwayoyin zarra yana da irin tasa girgizar, kuma yana shanye hasken da ya dace da ita. Sakamakon zane ne mai tudu da kwari, tamkar zanen yatsa. In roba ta sha rana ta fara tsufa, sabon tudu kan ɓullo kusa da lamba 1700 a ma'aunin zanen, alamar oksijin ya kama kabon.

Wanda ya fi burge ni shi ne zirkoniya, tangaran da ake haƙoran roba da shi, ko da yake sunan nan ruɗi ne, babu roba a ciki. Da tsaga ta fara, ƙwayoyin da ke bakinta sai su sauya tsari, su kumbura da kimanin kashi 4 cikin 100, su matse ta. Da hasken leza ake gano daidai inda sauyin ya faru, ta hanyar da C. V. Raman ya gano a Kalkata a 1928.