Takardar shaida tana aljihu, ƙwarewa tana hannu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa. An ce in yi magana kan lafiya, ni kuwa abu ɗaya zan tsaya a kai: farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, abin da muke kira CPR a asibiti.

Da yawanmu a ɗakin nan a asibiti ko gidan kula da tsofaffi muke aiki. Akwai likitoci da nas-nas, akwai masu tura gadon marasa lafiya, akwai masu shara. Kusan kowa yana da takardar shaidar horo. To, yaushe rabon hannunka da ƙirjin mutum-mutumin da ake koyo da shi? Takardar da Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ke bayarwa shekara 2 take yi, amma bincike ya sha nuna cewa cikin 'yan watanni ƙwarewar ke fara zubewa. Kamar hadda ce, in ba tilawa, ranar da aka ce ka ja sai baki ya ɗaure.

Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta jira. Minti 4 zuwa 6 ba jini, ta fara lalacewa. Kafin tawagar gaggawa ta iso, wanda ya fara ganin majinyacin shi ne likitansa, kuma sau da yawa mai kawo magani ne ko mai goge ƙasa.

Kuskuren farko tun wurin ganewa ake yinsa. Mutum ya faɗi, ba ya amsawa, yana wani irin jan numfashi jefi-jefi kamar minshari, sai a ce ai yana numfashi, a tsaya kallo. Wannan jan alama ce ta tsayawar zuciya. Neman bugun jijiya kada ya wuce daƙiƙa 10. In kana shakka, kira taimako ka fara danna ƙirji.

Sai dannawar kanta. Gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisansa, gwiwar hannu a miƙe. Ga babba, ƙirji ya nutse santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, danna 30 hura iska 2. Bayan kowace danna a bar ƙirjin ya dawo, kada a jingina a kansa. Tausayi kan sa wasu su riƙa yi a hankali don kada haƙarƙari ya karye. Yakan karye ɗin, kuma yana warkewa. Aikin da gajiyarwa, shi ya sa ake canjin hannu duk minti 2, ko da mai yin ya rantse bai gaji ba.

Yayyenmu da suka daɗe da yin makaranta, ku gafarce ni: ƙa'idar tana sauyawa. Tun 1960 da aka bayyana danna ƙirji a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ake ta gyara ta, kusan duk shekara 5. A 2010 Amurkawa suka dawo da dannawa gaba da hura iska.

Masu kallon ƙwallo sun ga Christian Eriksen, ɗan wasan Denmark, ya faɗi a fili a Kofenhagen, babban birnin ƙasar, a watan Yunin 2021. Nan take aka hau danna ƙirjinsa, aka sa masa na'urar girgiza zuciya da lantarki, ya kuma koma buga ƙwallo daga baya. Na san wani zai ce kwanansa ne ke gaba. Gaskiya ne, rai na Allah ne, amma an umurce mu da yin sababi.

Roƙona biyu ne. Gobe in ka shiga aiki, ka je da ƙafarka ka ga inda aka ajiye na'urar nan a sashenku, ka haddace lambar kiran gaggawa ta cikin asibitin. Sannan masu izinin koyarwa a cikinmu su ba sakatare sunayensu kafin mu tashi, mu ari mutum-mutumi, a taro mai zuwa mata su koya wa mata, maza su koya wa maza.

Na gode. Wassalamu alaikum.