Kafin samfur ya shiga na'ura: inda furotin ke ɓacewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Daga ɗakin gwaje-gwaje nake magana da ku a nan Jamus. Wannan na'urar da kuke hangowa a bayana ita ake kira mas sifektiromita. Aikinta auna nauyin ƙwayoyin sinadari, har ta gaya maka waɗanne furotin ne ke cikin jini ko tsokar da ka ba ta. Duk wanda ya shigo ita yake tsayawa kallo, amma ni teburin nan nake so ku duba, domin a kansa ake yin aikin da zai sa a samu sakamako ko a rasa.

Na'urar ba ta ganin komai sai abin da ke ɗauke da caji. Ana fesa ruwan samfur ta wata siririyar allura mai wutar lantarki kusan bolt 2,000, ɗigon ya bushe, ƙwayoyin su tashi da cajinsu. Wannan dabarar ce ta ba John Fenn kyautar Nobel a 2002. To a bakin allurar nan ake rububi. Duk abin da ke cikin ruwan yana neman cajin, kuma gishiri da sabulu sun fi furotin ƙarfin kai wawa. Idan suka yi yawa, abin da ka kwana kana nema sai ya dushe.

Sabulun da ake kira SDS shi ne mai ban takaici. Babu kamarsa wajen fasa ƙwayar halitta da narkar da furotin masu taurin kai, amma ɗan abin da ya rage a samfur ya isa ya danne sigina. Akwai kuma PEG, wanda ke zuwa daga wasu sabulai irin su Triton da Tween, har da man shafa na hannu. Ku matso ku ga allon nan. Idan ka ga tsinaye sun jeru, tsakanin kowane biyu dalton 44 (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari), to PEG ne, kuma yana daɗewa a cikin bututun na'ura yana ɓata wa na baya aiki. Gishirin sodiyam kuwa maƙalewa yake, ya ƙara dalton 22 a kan nauyi, siginar abu ɗaya ta rabu gida biyu. Shi ya sa a madadinsa muke amfani da gishirin amoniyam bikabonet, wanda ke tashi ya bi iska. Sauran gishirin kuma muna wanke shi da wannan ɗan tsinin roba da aka cusa wa C18, abin da ke riƙe gutsattsarin furotin ya bar gishiri ya wuce, dabarar da Juri Rappsilber da abokan aikinsa suka wallafa a 2003.

Wannan safar hannu da rigar ma ba don kare kaina kaɗai ba ne. Fatar mutum da gashinsa keratin ne, rigar sanyi ta ulu ma haka, kuma keratin ɗin ma furotin ne. Na'ura ba za ta san baƙo ba ne, za ta ɓata lokacinta tana auna shi.

Matakan shirya samfur kansu sanannu ne. A warware furotin, a tsinke mahaɗan salfa da ke ɗaure shi da sinadarin DTT, a toshe su da sinadarin ayodo'asitamid a cikin duhu, wanda ke ƙara dalton 57 a kan kowane sistin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Sai a zuba tiripsin, sinadarin da ke yanka furotin gutsi-gutsi, kashi 1 cikin 50 na furotin, a bar shi ya kwana a zafin digiri 37 yana yanka bayan laisin da arjinin, wasu tubalan biyu. Idan da sinadarin yuriya kake warware furotin, kada ka bari ta yi zafi, domin takan lalace ta liƙa dalton 43 inda ba a so.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da ido ba ya gani. Gutsattsarin furotin suna manne wa jikin roba da gilashi. Kamar juye fenti ne daga gwangwani zuwa gwangwani, kowane sai ya riƙe rabonsa. Idan samfurinka mai yawa ne, ba za ka ji ba. Amma ƙwayar halitta guda ta ɗan'adam furotin ɗinta wajen fikogiram 200 ne, kuma fikogiram kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram. Ko ka ce ɗan yankin tsoka da likita ya ciro da allura daga jikin mai ciwon daji. Wannan mutum ya sha wahala kafin a same shi, kuma ba za a koma a ce ya ƙara ba. Ina ganin rashin adalci ne a bar rabinsa a jikin kwalba.

Daga nan ne gyare-gyaren shekarun nan suka fito, kuma duk manufarsu ɗaya, a rage juye-juye, a rage ruwa. A 2009 Jacek Wiśniewski da Matthias Mann suka fito da FASP, inda ake wanke SDS a kan matata sannan a yanka furotin a wurin. Tana aiki, sai dai tana cin sa'o'i a injin juyawa, matatar ma tana riƙe wani abu. A 2014 aka wallafa SP3 daga birnin Haidalbag na nan Jamus. Ga shi nan a hannuna, ƙananan ƙwallaye ne masu bin maganaɗisu. Ka zuba itanol, furotin ya taru a jikinsu, ka kara maganaɗisu a gefen kwalba, ka zuƙe ruwan datti, ka wanke, ka zuba tiripsin, duk a kwalba ɗaya. Ga ƙaramin samfur ita na fi yarda da ita. A 2018 kuma masu bincike a Amurka suka nuna nanoPOTS, inda ake gama komai a ɗigon da bai wuce nanolita 200 ba (nanolita kashi ɗaya ne cikin biliyan na lita), saboda in ruwa ya yi kaɗan, bangon da zai taɓa ma kaɗan ne.

Duk hanyar da ka bi, ka haɗa da kwalba ɗaya wadda ba ka sa mata samfur ba, ta bi kowane mataki tare da sauran, ka fara sa ta a na'ura. Idan keratin ko jerin 44 ɗin nan ya fito a cikinta, ka dakata ka sauya ruwa da sinadarai kafin ka taɓa samfurin majinyaci.