Sai da aka cika randuna kafin ruwa ya zama ruwan inabi

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

A Farawa sura 28, Yakubu yana gudun wansa Isuwa, dare ya riske shi a hanya, ya jawo dutse ya yi matashin kai. Da ya farka daga mafarkin da ya yi na wani tsani da ya kai har sama, sai ya ce ashe Ubangiji yana wurin, shi kuwa bai sani ba. Ku lura, ba Yakubu ne ya kirawo Allah ba, a can ya tarar da shi. Idan muka ce za mu marabci Allah a rayuwarmu, ba baƙo muke jira daga nesa ba. Mai gida yana nan, hankalinmu ne ya tafi yawo.

To, yaya ake dawo da shi? A fara da minti 15 da safe, kafin a taɓa waya. Markus 1:35 ta ce Yesu ya tashi da asussuba tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa, ya yi addu'a. Minti 2 na farko, shiru kawai. Za ku ji tunanin bashi da na aiki sun yi muku rubdugu. Kada ku yi kokawa da su, ku rubuta su a gefen takarda, za su jira. Sai minti 6 na karatu. Mai farawa ya ɗauki Bisharar Markus: sura 16 ce, idan ana karanta rabin sura kullum, wata guda da ɗan ɗoriya an gama. Da yawa sukan fara daga Farawa da zafin nama, su isa Littafin Firistoci, ƙa'idodin hadayu su sare musu gwiwa. Littafin ba shi da laifi, ba nan ba ce ƙofar shiga. Minti 5 na addu'a, a ambaci abu da sunansa: wane ne ba shi da lafiya, wace shawara ce ta tsaya a wuya. Minti 2 na ƙarshe, a rubuta kwanan wata da abin da aka roƙa a ƙaramin littafi. Kuma a zauna a kujera. Wanda ya ce zai yi addu'a a kwance cikin bargo, barci ne zai ce masa amin.

Yanzu batun al'ajibi, inda aka fi samun ruɗani. Ku buɗe Yohanna sura 2, bikin Kana ta Galili. Ruwan inabi ya ƙare, kunya tana shirin kama masu biki. Ga randunan dutse guda 6, kowace tana cin kusan lita 100. Yesu ya ce wa barori su cika su da ruwa. A ce tulun ɗiba yana cin lita 20, sawu 30 ke nan ana kai da komo, gumi yana zuba, kuma babu wanda ya gaya musu dalili. Suka cika su fal har baki, ruwan kuwa ya zama ruwan inabi. Shugaban biki ya ɗanɗana ya yaba, bai san inda ya fito ba. Barorin da suka ɗebo ruwan su ne suka sani.

Haka ma gwauruwar nan ta 2 Sarakuna sura 4, wadda mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Annabi Elisha ya tambaye ta me take da shi a gida. Ɗan mai ne a tulu. Ya ce ta aro tandaye wurin maƙwabta, ta rufe ƙofa, ta yi ta zubawa. Man bai tsaya ba sai da tandaye suka ƙare. Saboda haka duk roƙon da kuka rubuta, ku rubuta a ƙarƙashinsa aikin da yake hannunku yau: takardar neman aikin da za a kai, ɗan'uwan da za a nema a shirya da shi. Wannan na biyun ba zaɓi ba ne. A Matiyu 5:23 da 24, Yesu ya ce a bar baiko gaban bagade, a je a yi sulhu tukuna.

Akwai wurare biyu da ake zamewa. Wasu sukan jefar da magani wai don nuna bangaskiya. Amma annabi Ishaya da kansa ya sa aka ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, Bulus kuma yana kiran Luka ƙaunataccen likita. A sha magani, a yi addu'a. Wasu kuma sukan mai da abin ciniki, a ba da kaza a karɓi kaza. Siman mai sihiri ya gwada haka da kuɗi a Ayyukan Manzanni sura 8, Bitrus ya tsawata masa ƙwarai. Bulus ma sau 3 ya roƙi a cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Wannan ma amsa ce, ko da ba mai daɗin ji ba ce.

Da dare, minti 5 sun isa. A bi ranar daga safe zuwa yanzu, a tsamo abu 3 na godiya, a furta laifi guda ba tare da kwana-kwana ba. A ƙarshen kowane wata a buɗe ƙaramin littafin roƙe-roƙen nan daga shafin farko, a sa alama a kan abin da aka amsa. Kutare 10 Yesu ya warkar a Luka sura 17, ɗaya tak ya komo da godiya, shi kuwa Basamariye ne, baƙo a wurin Yahudawa. Wanda bai rubuta ba, bayan mako 3 yakan manta ma ya taɓa roƙa, sai ya ce ai dama abin zai zo da kansa.