Sushi a Osaka: kifin ba matsala, shinkafar da gishirin ne abun lura

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka, da fatan kowa yana lafiya. Yau ga ni a birnin Osaka na ƙasar Japan, na shigo ɗaya daga cikin shagunan sushin nan masu bel da ke zagayawa, ku duba ku gani, faranti ne ke ta wucewa ta gaban mutum, wanda ya yi maka sai ka miƙa hannu ka ɗauka, ko ka danna abun da kake so a allon nan a aiko maka. Kuma a yankin nan aka fara wannan tsarin fa, wani Yoshiaki Shiraishi ne ya buɗe na farko a Higashi-Osaka a 1958, sunan shagon Genroku.

'Yan uwa da yawa suna tambayata wai da gaske ɗanyen kifi muke ci a nan, ba ya sa ciwo? Wasu kuma sun ji an ce abincin rage ƙiba ne. To bari in ci ina muku bayani, don ni gaskiya ina son abincin nan sosai, shi ya sa nake so ku san shi yadda yake.

Wannan da ke hannuna nigiri ake ce masa, shinkafa ce aka dunƙule kamar ƙaramar lomar tuwo aka ɗora yankan kifi a kai, kuma da hannu ma ana ci, ba dole sai da tsinke ba. Kifin da ke kai salmon ne, kai jama'a laushi, ba ƙarni ko kaɗan, narkewa kawai yake a baki. Da can Japanawa ba sa cin salmon ɗanye, 'yan Norway ne suka yi ta tallata musu nasu na kiwo tun shekarun 1980 har ya karɓu.

Ta ɓangaren kifi dai wallahi ba abun da zan ce sai alheri. Ba a soya shi ba, ba mai, ga furotin, ga kitsen nan omega-3 da likitoci ke cewa yana da kyau ga zuciya. Kuma ba sai mai tsada ba, ga wannan mai sheƙi a baya, saba suke ce masa, shi ne fa titus ɗinmu na kasuwa, shi da sadin suna cikin waɗanda suka fi wannan kitsen kuma suna cikin masu araha. Baƙin ganyen da ake naɗe wasu da shi, nori, ganyen teku ne, akwai aidin a ciki.

Inda nake so ku tsaya ku saurare ni shi ne shinkafar. Farar shinkafa ce, kuma ba haka nan ake barinta ba, ana gama dafawa sai a zuba mata ruwan khal da suga da gishiri a juya, wannan ɗan zaƙi da tsamin da ke sa ka kasa tsayawa daga nan yake. Kowane faranti guda biyu ne 'yan ƙanana, kuɗin ma yen ɗari da 'yan kai ne a irin shagunan nan, to sai mutum ya yi ta ɗauka yana hira yana ganin ai abu kaɗan ne, kafin ya ankara faranti sun taru a gabansa, ya ci shinkafar da ta fi wadda zai zuba wa kansa a gida, ba kayan lambu ko ɗaya a ciki. Mai ciwon suga dan Allah ya lura da wannan, kar sunan kifi ya ruɗe shi. In kifin kake so zalla sai ka nemi sashimi, shi ba shinkafa.

Sai wannan baƙin ruwan, shoyu, na waken suya. Gishiri ne tsagwaronsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, shi kuwa shoyu babban cokali ɗaya ma ya kai wajen rabin haka, ga kuma wanda ke cikin shinkafar tun farko. Mu da hawan jini ya yi wa yawa a gidajenmu, wannan ba abun wasa ba ne. Ku kalli yadda masu abun ke yi, juya shi ake yi a ɗan taɓa gefen kifin kawai, ba a tsoma shinkafar, in ka tsoma ta shanye ruwan za ta yi kuma ta wargaje.

Akwai kuma masu mayonis da cuku da soyayyen jatan lande, suna da daɗi ban musa ba, amma waɗannan kam sun fita daga layin abincin lafiya. Masu miya mai zaƙi a kai irin na unagi, kifin nan mai kama da maciji, ni ba na ɗauka, saboda ana sa mirin a ciki, shi kuwa mirin akwai giya a cikinsa. Shoyu ma ana samun ɗan burbushin giya wajen haɗa shi, akwai mai shaidar halal a Japan, wasu 'yan uwa da tasu 'yar kwalbar suke zuwa.

To batun ɗanye. Akwai wata farar tsutsa siririya, anisakis, da ke zama a jikin kifin teku, kuma saban nan da na yaba yana cikin waɗanda aka fi samunta. In ta shiga ciki da rai, bayan 'yan awanni mutum zai ji ciwon ciki mai tsanani da amai, sai an zura na'ura ta baki an ciro ta. Khal ba ya kashe ta, gishiri da shoyu da wasabi, koren yajin nan nasu, ma haka. Wuta ce ke kashe ta, ko a daskarar da kifin a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, kamar yadda ma'aikatar lafiyar Japan ke faɗa. Shi ya sa nake roƙonku, kar wani ya ga bidiyon nan ya je ya sayo tarwaɗa ko karfasa a bakin dam ya yanka ya ci ɗanye, kifin ruwan daɗi yana da nasa tsutsotsin masu illa, kuma in wuta na ɗaukewa firiza ba abun dogaro ba ce.

Mata masu juna biyu kuma, manyan kifaye irin tuna, maguro kenan, suna tara zaiba a jikinsu saboda ƙananan kifayen da suke ci, gwamnatin nan da kanta tana ba masu ciki shawarar su taƙaita wasu nau'o'insa. Likitoci da dama ma cewa suke mai ciki ta haƙura da ɗanyen gaba ɗaya, akwai na dafaffen jatan lande da na kokwamba.

Yanzu bari in ɗan ci cittar nan in wanke baki, in zuba garin koren shayi in tara ruwan zafi a famfon teburin, kyauta ne. Sadin ɗaya zan ƙara in tashi. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya yarda kasuwar Kuromon zan kai ku mu ga kifin kafin a yanka shi.