Hoton hanji na 3D: me ya sa har yanzu sai an wanke ciki?

Kun ga bidiyon nan da ke yawo, inda ake kutsawa cikin babban hanji kamar an shiga kogo da fitila? Shi ya sa ake ta cewa an huta, babu bututu mai kyamara da ake zurawa ta dubura don duba hanji, babu shan maganin wanke ciki. Jama'a, mu ɗan dakata.

Babu kyamara a cikin hanjin nan. Na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, ita ce ta ɗauki ɗaruruwan hotunan ciki, yanka-yanka kamar burodi, kwamfuta ta harhaɗa su. Wani likita a Amurka, David Vining, ya fara nuna dabarar a 1994. Har jan launin da kuke gani, kwamfuta ce ta shafa.

To ga inda ake ruɗewa. Abin da kwamfutar ke ganewa shi ne inda iska ta ƙare, bangon hanji ya fara. Don haka ake saka ɗan siririn bututu ta dubura, a hura iska har hanjin ya buɗe. Yanzu a ce ga ƙullutu biyu a hoton. Ɗaya tsiro ne da zai iya rikiɗewa ya zama kansa, ɗayan guntun bayan gida ne da ya maƙale. Wanne ne wanne? Ko kun ƙara dubawa, iri ɗaya ne. Kamar an tsaga kara.

Shi ya sa ake wanke ciki tun jajibiri. Akan kuma ba mutum ruwan bariyom ko na aidin ya sha, ragowar bayan gida ta fito fari fat a hoto. Sannan a ɗauke shi rigingine, a sake ɗauka yana rub da ciki. Bayan gida yakan gangara, tsiro kuwa yana nan inda yake. Wannan dabarar na burge ni ƙwarai.

Gwajin na da kyau. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya nuna yana gano kusan kashi 90 cikin 100 na masu tsiron da ya kai milimita 10, kuma ba a sa mutum barci. Amma hoto ba shi da hannu. In an ga tsiro, sai an koma ga bututu mai kyamara a cire shi, a kai ɗakin gwaji. Ku tambayi likitanku tun farko ko za a iya yin duka biyun rana ɗaya, don kada ku sha maganin nan sau biyu.