Me ya sa rikodan talabijin da ba a biya masa kuɗin wata ya yi wuyar samu?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taso a gidan da ake da bidiyo mai kaset zai tuna wannan abin da zan faɗa. Ka sayo kaset sabo fil mai cin awa uku, ka zura shi, shiri na farawa ka danna jan maɓallin nan, in an gama ka ciro ka rubuta sunan shirin da biro a gefe, sannan ka ɓalle ɗan hancin roban da ke jikinsa don kada wani ya zo ya naɗi wani abu a kai. In kuma daga baya kai ne ka canza shawara, sai ka liƙe ramin da salatef ka sake naɗa. A gidanmu tafsirin azumi ake naɗa da wasan ƙwallo, kuma kaset ɗin namu ne, na'urar tamu ce, babu wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ƙarshen wata ya ce a biya shi kafin a kalla.

To yanzu ga abin da ke ɗaure kai. Faifan ajiya irin na kwamfuta, wato had dis, ya yi araha sosai, mai terabait 1 zai iya ɗaukar kusan awa 150 na hoto mai kyau tangaran. Amma a Amurka, inda aka fara sayar da rikodan talabijin mai had dis, in ka shiga babban kanti ka ce a ba ka akwatin da za ka saya sau ɗaya, ka jona da eriya, ya riƙa naɗar maka shiri ba tare da kuɗin wata ba, za ka sha yawo kafin ka samu. Kuma ƙera shi ba wani aiki ba ne. Labarin kuɗi ne da iko, bari mu bi shi daga tushe.

A 1975 Sony ta fito da bidiyonta mai kaset, Betamax, shekara ɗaya bayan nan JVC ta fito da nata, VHS. Kamfanonin fim suka ce ba su yarda ba, Universal da Disney suka maka Sony a kotu, aka yi ta ja har Kotun Ƙolin Amurka, a 1984 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu aka yanke cewa mutum ya naɗi shiri a gidansa don ya kalla daga baya bai karya doka ba. Ku lura, ƙuri'a ɗaya tak. Tun daga ranar masu shirye-shirye suka gane ba za su iya hana naɗa ta hanyar kotu ba, sai dai su nemi wata dabara.

A 1999 sai ga kamfanoni biyu, TiVo da ReplayTV, da akwatin da ba ya buƙatar kaset sam. Had dis ne a ciki. Kana kallon shiri kai tsaye a kira salla, ka tsayar da shi cak, ka je ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya, a lokacin wannan kamar siddabaru ne. TiVo na farko mai ɗaukar awa 14 dala 499 aka sayar da shi, amma bayan ka saya akwai kusan dala 10 duk wata, ko ka biya dala 199 a dunƙule na tsawon rayuwar akwatin. Kuɗin mene ne? Kuɗin jadawali. Kuma nan ne nake so ku tsaya da ni, don wannan jadawalin shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Akwatin bai san komai ba da kansa, da dare yake kiran kamfani ta layin tarho ya sauko da jerin shirye-shiryen kwanaki masu zuwa, wane shiri, wace tasha, ƙarfe nawa, da shi ne za ka iya ce masa duk lokacin da aka sa shiri kaza ka naɗa min, ko an canza masa lokaci ya bi shi. In babu jadawalin ka koma zamanin kaset, kana saita agogo da hannu kana addu'a kada tasha ta makara. Wato kamfanin ya gane cewa ƙarfen sau ɗaya ake sayensa, jadawalin kuwa ana iya sayar da shi duk wata.

ReplayTV su suka ɗan tsaya wa mai kallo. A 2001 suka fito da samfurin da ke tsallake talla da kansa, kuma kana iya tura wa wani mai irin akwatin shirin da ka naɗa ta intanet. Manyan tashoshi da kamfanonin fim suka taru suka kai ƙara. A 2002 Jamie Kellner, shugaban kamfanin talabijin na Turner Broadcasting a lokacin, ya fito fili ya ce tsallake talla satar shiri ne. Ba a kai ga yanke hukunci ba, kamfanin da ya mallaki ReplayTV, wato SONICblue, ya durƙushe a 2003, wanda ya saye shi kuma ya cire waɗannan abubuwan biyu daga sabbin akwatuna. Sauran masu ƙera kaya suna kallo, kowa ya ɗauki darasinsa, ai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ita ma TiVo tana riƙe da takardar mallakar fasahar naɗa da kallo a lokaci guda, ta kai EchoStar masu kamfanin talabijin ta tauraron ɗan adam na Dish ƙara a 2004, ba a rufe maganar ba sai 2011 da aka sasanta a kan dala miliyan 500. Duk ƙaramin kamfanin da ke tunanin shiga wannan kasuwa sai ya lissafa kuɗin lauya kafin kuɗin waya da ƙarfe.

Amma babban abin da ya kashe kasuwar, a ganina, kamfanonin kebul da na tauraron ɗan adam ne. A lokacin mafi yawan gidaje a Amurka ta wajensu suke kallo, sai suka fara ba da nasu akwatin mai naɗa a matsayin haya, ba ka biya komai ko ka biya kaɗan ranar da aka kawo, sai a ƙara maka 'yan daloli a bil ɗin wata. Magidanci ya duba, ga na ɗaruruwan daloli a kanti, ga na haya an kawo har falo an jona masa, wanne zai ɗauka? Na haya mana. Bayan shekara biyar ya biya kuɗin akwatin har da ƙari kuma ba nasa ba ne, ranar da ya daina biya a zo a ɗauke, da duk abin da ya naɗa a ciki. Kuma tashoshin nasu a kulle suke zuwa, akwatin wani kamfani ba zai iya buɗe su ba. Gwamnati ta tilasta a samar da wani kati mai suna CableCARD da za ka zura a akwatin da ka saya da kanka, amma mutane ƙalilan suka yi amfani da shi, a 2020 hukumar sadarwa ta FCC ta janye tilascin. In ka ce to bari in naɗa daga wayar HDMI da ke fita daga dikoda, nan ma akwai wani makulli mai suna HDCP da aka saka musamman don hana kwafa.

Akwai lokacin da Panasonic da Pioneer da Toshiba da Sony ke sayar da rikodan DVD mai had dis a ciki, babu kuɗin wata, ka naɗa ka yanke talla ka ƙona a faifai. Daga Maris 2007 doka ta ce duk na'urar da ke kama tasha dole ta zo da abin kama siginar dijital, tunda za a kashe tsohuwar siginar analog, wadda aka kashe a Yuni 2009. Maimakon su ƙara kuɗi a kasuwar da dama ba ta ja, sai kamfanonin suka janye irin waɗannan daga Amurka. Na kamfanin Magnavox ne ya daɗe a kantunan Walmart, shi ma daga baya ya ɓace. Amazon ta gwada da nata akwatin mai suna Fire TV Recast a 2018, ta daina a 2022. TiVo ɗin kanta ta daina sayar da akwatunanta a 2025. Abin da ya rage 'yan ƙalilan ne irin su Tablo, su ma tashoshin eriya ne abincinsu, kuma sabon tsarin watsa shiri na ATSC 3.0 ya ba tashoshi damar kulle har siginar da ke zuwa kyauta ta iska, wannan kam yana ba ni takaici matuƙa.

Yanzu mu leƙa Ingila, don a nan za ku ga cewa ba fasaha ce matsalar ba. Suna da Freeview tun 2002 da Freesat tun 2008, tashoshi da yawa a buɗe, kuma jadawalin mako guda yana zuwa kyauta a cikin siginar kanta. Shi ke nan, kamfanoni irin su Humax da Panasonic suka yi ta sayar da akwati mai had dis, ka saya sau ɗaya ka huta, in ban da lasin talabijin da dama kowa ke biya. A Japan ma rikoda mai had dis da Blu-ray kayan gida ne na yau da kullum, ko da yake su sun ƙayyade yawan kwafin da za ka iya yi, tsarin da suka kira Dubbing 10 tun 2008. Inda tasha take a buɗe kuma jadawali yake kyauta, na'urar tana nan a kasuwa.

Mu a nan mun san fuska biyun duka. Mai DStv Explora ya san akwatin yana naɗa da kyau, amma aikin naɗar yana ɗaure da kuɗin wata, kuma abin da ke ciki ba za ka kwashe shi a filash ka kai wa wani ba. A ɗaya gefen kuma ga dikodojin tashoshin kyauta irin su Strong da muke jonawa da dish, da yawansu suna da ramin USB a baya ko a gefe, ka soka filash ko had dis na waje, ka danna jan maɓalli a rimot, ya fara naɗa, babu wanda ka biya. Abin da Ba'amurke ke nema ido rufe yana kan teburin talabijin ɗin gidaje da yawa a Kano da Maraɗi, wasu ma ba su taɓa gwadawa ba.

Yana da nasa raunin, gaskiya. Yawancinsu tasha ɗaya suke kamawa a lokaci guda, in kana naɗa ba ka da sakewar yawo a tashoshi, jadawalin kuma sau da yawa fayau yake don tashoshin ba sa turowa, sai ka saita lokaci da hannu, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar naɗa fayil ɗin na iya lalacewa. Don haka in za ka saya ka ce wa mai shago ya gwada maka a gabanka, ya soka filash ya naɗi minti biyu, a cire a saka a kwamfuta a ga ko yana buɗewa. Ka duba cikin menu ko akwai wajen saita lokacin naɗa, ka ƙara minti biyar gaba da baya saboda makarar tasha. Filash ɗin kuma ka ware masa nasa daban, don wasu dikodojin sai sun goge komai da ke ciki kafin su karɓe shi, kada ka soka wanda hotunan bikin gida ke ciki.